Sahabi Mai Awon Ruwa da Irin Tungar Gawo

Duk wanda ya taɓa kwana a Filingue ya san Malam Sahabi, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan da ke fitowa daga masallaci da an sallame asuba, ya ratsa ta gaban rijiya da littafi a hammata, ya nufi bayan bariki. Can akwai wani gwangwani bisa turken ƙarfe, da mazurari a bakinsa, an kewaye shi da ƙaya don kada awaki su ture. In ya isa sai ya yi bisimilla, ya cire mazurarin, ya juye ruwan saman da ya taru a wata siririyar kwalba mai zane-zane, ya ɗaga ta daidai idonsa, ya rubuta lamba. Daga nan ya miƙa wa mai buga waya a aika Yamai. Aikin ke nan, ba ƙari, kuma shekara ashirin da shida yana yinsa.

Abin dariyar, wata takwas a kowace shekara ba abin da ke cikin gwangwanin nan sai gizo-gizo. Amma sai ya je, ya buɗe, ya leƙa, ya rubuta sifiri. Matan bakin rijiya kuwa ba su taɓa barinsa ya wuce salin-alin ba.

"Malam, yau nawa aka samu?"

"Babu ce," in ji shi, "amma cikakkiya."

Sai su kwashe da dariya har guga ya kusa kuɓuce musu. Mai Auna Babu suke ce masa, mu ma da muka taso haka muka iske ana kiransa.

Bana idanunsa sun soma hazo, zanen kwalbar yana haɗe masa, ya ce da kaka ta yi zai ajiye aikin. Ba wanda zai buga masa ganga, ba wanda zai rataya masa lambar yabo. Shi ya sa na ce bari in ɗauki alƙalami. Na san masu irin wannan rubutu sukan wanke mutum tas su shafa masa mai. To ni da kuskurensa zan shiga, don shi da bakinsa ya ce mini in ba zan faɗe shi ba, in bar takardar ta huta.

A Tungar Gawo aka haife shi, wani ɗan ƙauye mai gida arba'in, tafiyar sa'a uku arewa da gari. Lokacin da Nasara suka ce kowane ƙauye ya ba da yaro a kai lakwal, wato makarantar boko, kowa ya ɓoye nasa a rumbu, aka miƙa shi, ɗan Azumi, don maraya ne, ba mai tsaya masa. Shekara uku ya yi, ya fito da sanin lamba da ɗan Faransancin da zai gaida kumandan. Da aka kafa gwangwanin aka rasa mai so, sai aka ba shi.

Tun daga ranar mutanen Kurfai, wato ƙasar Filingue, suka yanke cewa mutumin da ke auna wa Nasara ruwa, lalle ya san ranar zuwansa. In ba haka ba, me zai sa a riƙa biyansa? Da bazara ta yi sai a yi ta tare shi a hanya, wannan ya ja shi gefe, wancan ya kawo masa goro. Shi kuwa amsarsa ɗaya: gwangwaninsa jiya kawai ya sani. Shekara ashirin da ɗaya bai sauya wannan amsa ba.

Sai dai akwai abin da ba wanda ya sani in ba matarsa Habsa ba. Duk lambar da ya kai bariki, yana kwafe ta a nasa littafin. Da la'asar yakan shimfiɗa tabarma ya yi ta jujjuya shafi, yana gwada wannan shekara da waccan. A hankali ya soma ganin kamar daminar Filingue tana da hanyar da take bi, kuma shi kaɗai ya gano ta. Bai faɗa wa kowa ba, amma abin yana masa daɗi a zuci. Mutumin da aka yi shekara ashirin ana yi wa dariya, ranar da aka zo aka durƙusa masa, ai sai dai Allah ya kiyaye.

Ranar ta zo shekara biyar da suka wuce. Daminar da ta gabata ba ta yi ba, kowa ya sani, ba sai na tuna wa kowa ɗacin anzar da aka ci don yunwa ba. Mutanen Tungar Gawo sun ci duk abin da za a ci, sun ɗaure ciki sun bar iri, wanda zai isa shuka ɗaya tak. Sai ga ruwa ya sauko wata ranar Juma'a tun lokaci bai yi sosai ba, ruwa mai kyau, har kwari ya ɗauka. Wanshekare da hantsi Baushe ya iso ƙofar gidan Sahabi.

Baushe shi ne sarkin noman Tungar, taubashin Sahabi ne, ya girme shi da shekara huɗu. Bai taɓa sa goshi a ƙasa ba, yana nan kan abin da ya iske kakanninsa suna yi, kuma in sun haɗu ba abin da ke tsakaninsu sai tsiya. Amma ranar bai yi wasa ba. Ya cire takalmi ya zauna a ƙasa.

"Taubashi, na zaka da magana. Ka san abin da ar rage muna. In mun shibka ruwan ga ya ɗauke, mun mutu. In mun ƙi shibka kuma damana ta zarce, mun yi asarar hwarkonta. Na yanka abin da ni ka yankawa, an yi wasan bori, waɗanda suka hau sun yi magana biyu. Liman ya ƙirga taurarinai, shi ma ya ce Allah masani. Saura kai."

"Ka san abin da nake faɗi kullum," in ji Sahabi.

"Na sani. Yau dai kada ka hwaɗe shi. Gida arba'in na bayana."

Da Sahabi ya yi shiru a nan, da ba ni da labarin da zan ba ku. Sai ya tashi ya shiga ɗaka ya ɗauko littafin. Ya buɗe, ya bi da yatsa, ya ce ruwan jiya milimita talatin da ɗaya ne. Cikin shekara ashirin da ɗaya, sau shida aka yi irinsa a wannan wata, kuma duk shidan ba a kai kwana goma ba wani ya biyo. Ko sau ɗaya bai saɓa ba. Ya rufe littafin, ya dubi Baushe ido cikin ido.

"Ku shibka."

Ko in sha Allahu bai ce ba. Habsa tana bayan zana tana jin su, ta ce har yau in ta tuna sai gabanta ya faɗi.

Suka shuka, duka, ba su rage ko tafi ɗaya ba. A kwana na tara hadari ya haɗo, ya zubar da ruwa a Filingue, mili ashirin. Sahabi ya dawo daga bayan bariki yana taku ɗai-ɗai, ya ce wa Habsa, "Kin gani? Sau bakwai ke nan." Abin da ya manta, kuma kowane makiyayi ya sani, shi ne ruwan ƙasar nan yakan jiƙa wa saniya ƙaho ɗaya ya bar ɗaya. Littafinsa bai yi ƙarya ba, labarin gwangwanin bayan bariki ya bayar. Tungar Gawo ko ɗigo ba ta samu ba.

Labarin bai iso shi da wuri ba, don mutanen Tungar ba su da abin kawowa kasuwa, balle su zo. Sai Lahadi ta huɗu bayan ruwan Juma'ar nan, ranar kasuwa, yana tsaye a rumfar masu gishiri, ya ji an ce, "Ɗan Azumi!" Ya waiwaya ya ga Tambara, wata gwauruwa da ta yi wasan ƙasa da uwarsa, wadda ke noma da jikokinta mata uku. Ya durƙusa zai gaishe ta. Ta ce ya tara hannu. Ya tara. Ta kwance bakin zanenta ta zuba masa busasshen tsiron gero, wanda bai wuce tsawon yatsa ba, ya ƙone ya yi jawur.

"Ga shibkarka nan. Kwana ashirin da biyu muna kallon sama. Kai ta ka auna."

Ta juya ta tafi. Wani daga baya ya ce a hankali, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, aka rasa mai dariya. Kafin kasuwa ta watse Sahabi ya ji sauran: mazan Tungar sun yi shawara, in kasuwa biyu suka ci ba a ga mafita ba, za su ɗaure kaya su yi kudu, wasu Sakkwato, wasu har Kurmi. Kuma kowa ya san tungar da aka bari da damina ba ta tashi. Bukkoki su zube, rijiya ta rufta, shi ke nan sai a labari.

Kwana uku Sahabi bai ci abin kirki ba. Yana zuwa wajen gwangwani, don wannan ko da ciwo bai taɓa fasawa ba, amma da ya dawo sai ya kwanta ya juya fuska ga bango. Tsoro ne ya kama shi, tsoro da kunya, har ba ya son a yi sallama a ƙofa. In ya yi magana, abu ɗaya yake maimaitawa: "Ni na kashe su. Ni na kashe Tungar Gawo."

A rana ta uku da hantsi Habsa ta ajiye taɓarya ta shigo ta tsaya a kansa. Mace ce mai sanyin magana, amma in ta yanke ta yanke.

"Malam, tashi ka ji. Ranar nan ka ɗauki littafinka ka aza shi wurin da ba nasa ba, ka yi magana kamar ruwan a aljihunka yake. Yau kuma ka kwanta kana cewa kai ka kashe su, kamar kai ka riƙe hadarin. Wallahi duka biyun girman kai ne. Ba kai ka ba su na farko ba, ba kai ka hana su na biyu ba. Naka laifin baki ne, ka tuba ga Allah a kansa. In ka gama, ƙafafunka dai lafiyarsu lau."

Ya ce ya daɗe bai ji maganar da ta yi masa zafi irin wannan ba, kuma ita ce ta sauke masa dutsen da ke ƙirjinsa. Ya tashi ya yi alwala, ya yi raka'a biyu, ya sha fura. Sannan ya tambaye ta ina tsohon taikinsu yake.

A ƙasar nan akwai wata al'ada da ba a rubuta ko'ina ba: ragowar iri, in shukar mutum ta kama, ba a sayar da ita, kuma ba a hana wanda ya roƙa. Sai dai wanda ya roƙa ɗin ya zubar da girmansa, don ya nuna wa duniya bai iya tattalin gidansa ba, shi ya sa magidanci ya gwammace ya ci bashin hatsi da ya roƙi iri. Shukar Filingue kuwa ta kama. Saboda haka ranar Alhamis, bayan ya kai lambarsa, aka ga ma'aikacin bariki, mai wandon kaki, da taiki a kafaɗa yana bin gidaje. A kowace ƙofa magana ɗaya yake yi, ba ya rage ta, ba ya yi mata kwalliya:

"Salamu alaikum. Ni ne Sahabi. Na ce wa mutanen Tungar Gawo su shibka, na yi kuskure, irinsu ya ƙone. Ina roƙon ragowar iri saboda Allah."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wasu suka ba shi ƙoƙo ɗaya, wasu tafi ɗaya, wasu suka rantse sun riga sun daka nasu sun sha, kuma gaskiya suka faɗa. Wani attajiri da ba zan faɗi sunansa ba, don jikokinsa suna karanta takarda, ya bar shi tsaye a rana ya kira maƙwabta su zo su gani. "Jama'a, mai auna wa Nasara ruwa ne ke roƙon iri!" Sahabi ya ce, "Shi ne, ranka shi daɗe," ya buɗe bakin taiki ya ci gaba da jira. Kunya ta koma kan mai gidan, ya ba da mudu biyu. Wata tsohuwa a bayan mahauta ta sa aka ɗaga ta, ta zaro zangarniya uku daga cikin jinkar ɗakinta, ta ce shekara biyu tana ɓoyonsu ba ta san don wa ba.

Da Lahadi ta zagayo ya bi rumfa-rumfa. Zabarmawan garin Damana da Bugajen Bonkuku masu zuwa cin kasuwa ba su zo da iri ba, ai ba wanda ke yawo da shi, amma suka ce ya dakace su kasuwa mai zuwa. Da yawa sun manta, wasu ba su manta ba. Wannan ya kwanto nasa daga bakin rawani, wancan daga gefen riga. Duk Sahabi ya zuba wuri ɗaya, don ba shi da lokacin warewa: gajeren gero mai saurin nuna, dogo mai jinkiri, maiwa, har da wanda ba a san sunansa ba. Duk manomin kirki in ya ga wannan haɗi sai ya riƙe baki, don gonar da aka shuka shi ba za ta nuna rana ɗaya ba. Amma da babu gara ba daɗi. Aka ɗinke taiki biyu da rabi.

Ranar Litinin ya ari jaki, ya kai lambarsa, ya kama hanyar arewa. Rana ta take lokacin da ya shiga Tungar, kuma har ranar ba a yi ruwa ba. Gida biyu sun riga sun tafi. Wasu bakwai sun ɗaure tabarmi da tukwane sun jingine a bakin ƙofa. Ya sauke taikunan a gindin gawon da ke tsakiyar ƙauye, mutane suka taru, ba wanda ya ce masa sannu da zuwa. Ya faɗi abin da ya faɗa a kowace ƙofa, ya ƙara da cewa su yafe masa. Baushe ya kwance taiki ɗaya, ya ɗebo, ya baza a tafin hannu ya daɗe yana kallo.

"Mi littahin yac ce wannan karon?"

"Na baro shi gida."

"To kai mi kac ce?"

"Ban sani ba, taubashi."

Sai wani magidanci ya faɗi abin da ke zuciyar kowa. Ya ce wannan hatsi in an daka shi zai kai mata da yara Sakkwato da ƙarfinsu. In kuwa aka yi bizne, wato aka binne shi a busasshiyar ƙasa ana jiran ruwa, to yayyafi kaɗan ya isa ya ruɓar da shi, in ɓera da gara sun bar wani abu. A ci a tafi, ko a binne a zauna, kuma wanda ya binne ya yi bankwana da guzurinsa. Ya juya ga Sahabi. "Kai da kac ce ba ka sani ba, don mi za mu zuba abincin ɗiyanmu cikin rairayi?"

Wannan tambaya ce da a da za ta rikita Sahabi. Waɗanda suke wurin sun ce a natse ya amsa.

"Iri naku ne, ban kawo shi da sharaɗi ba. In kun daka ba ku yi laifi ba. Ba zan ce muku za a yi ruwa ba, na faɗa sau ɗaya kun ga abin da ya biyo. Abin da na sani, ruwan yana da Mai shi, kuma bai manta hanyar Tungar Gawo ba, tun da bara da babu komi Shi ya kawo ku bana. In ya saukar, gara ya iske iri a ƙasa. In bai saukar ba, ba a Sakkwato kaɗai yake ciyarwa ba. Ni dai a nan na ajiye zuciyata, kuma tun da na ajiye ta nake samun barci."

Yana gama faɗin haka ya juya. Sai ya ɗauki sungumin da ke jingine a jikin gawo, ya nufi gonar Tambara, don ita ce ba ta da namijin da zai yi mata sara. Ya soma: taku, sara, taku, sara. Hannun da ya saba da alƙalami, kafin ya kai ƙarshen layi ya yi bororo. Ya juyo ya kama na biyu. Ramuka suna nan buɗe a bayansa, ba mai zuba komi, jama'a suna tsaye can nesa suna kallon ikon Allah. Ya ce ya kai rami ɗari yana sarawa bai waiwaya ba, don yana tsoron abin da zai gani. Can sai ya ji ƙasa tana motsi a bayansa, irin motsin diddige in yana rufe rami. Tambara ce, da ƙoƙo a hannu, tana zuba iri tana takewa. Ba ta dube shi ba. Da ya rage sauri sai ta ce, "Tahi mana, ɗan Azumi, rana na yi."

Baushe ya tofar da goron bakinsa. "Yau ɗan bariki ya yi magana irin ta manomi. Ku ɗauko sungumanku." Ba duka suka bi ba. Gida uku suka karɓi rabonsu suka daka, suka tafi da safe, kuma har yau Sahabi ba ya yarda a zage su a gabansa.

Sahabi ya koma gida bakin aikinsa, aka yi kwana shida ana jira. Habsa ta ce abin da ya ba ta mamaki, a kwanakin nan ya fi kowane lokaci cin tuwo, har da neman ƙari. Ta tambaye shi ko ya ga wata alama ce. Ya ce bai ga komi ba, nasa ne dai ya gama. A rana ta bakwai ya je ya iske gwangwani a bushe, ya dawo gida. Da azahar sai ga Baushe a ƙofa, taɓo har gwiwa, yana haki, yana zaginsa da cewa wane irin mai awo ne wannan da ruwa ke kwana a garinsu bai sani ba. Sahabi ya faɗi ya yi sujada a tsakar gida, yana kuka kamar yaro.

Kada in yi muku ƙarya, ba a yi kakar a-zo-a-gani ba. Irin bai rufe ko rabin gonaki ba, kuma damina ta ɗauke da wuri. Dogon geron da maiwar ba su kai ba, suka tsaya kara. Amma gajeren ya nuna, kuma da yake a haɗe yake, ba gonar da ta tashi a banza. An ci tafasa, an rame, an kai wata daminar. Gida talatin da biyar suna nan. Biyar ɗin da suka tafi, biyu sun dawo, uku ba a sake jin ɗuriyarsu ba, kuma Sahabi yana ambaton masu gidajen da sunansu a addu'arsa. Mutanen Tungar ba su sake ware irin nan ba, haka suke shuka shi, suna ce masa haɗin Sahabi.

Malam Sahabi, kai ne ka nuna mana cewa mutum yana iya faɗuwa a tsakiyar kasuwa ya tashi ba tare da ya ɗora wa kowa ba. Kai ne ka ɗauki kunyarka a kafaɗa ka bi da ita ƙofa-ƙofa har ta zama abincin gida talatin da biyar. Na gaban Habsa, dogo mai taiki! Yanzu da ake ta maganar zaɓe da tafiyar Nasara, ma'aikata suna tambayar wa zai riƙe su gobe, manoma suna tambayar wa zai mulke su, ƙofarka ce ake cika da la'asar. Ba ka taɓa ce wa kowa ga abin da zai faru ba. Kakan saurara, ka tambayi mutum abin da ke hannunsa yau, ka ce ya je ya yi shi, sauran ya bar wa Mai shi. Kuma mutane suna tashi daga tabarmarka da sauƙin zuciya, ni shaida ne, don na zauna a kanta.

Lahadin da ta wuce Baushe ya zo kasuwa, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya ce Tungar ta aiko shi: an gyara bukka, an ware gona, da kaka ta yi za a turo jakai a kwashe su shi da Habsa. Sahabi ya yi dariya ya ce me za su yi da makaho, wanda ko layin shuka ba zai iya miƙewa ba.

"Wa ya ce muna son idonka?" in ji Baushe. "Masu sani sun yi muna yawa, taubashi, kowace kasuwa sai an kawo muna sabo. Wanda za shi ce bai sani ba, kuma shi ɗauki sungumi, shi muka rasa."

Mun gode, Malam. Allah ya saka maka, ya sa ka ci tumun gonar nan shekaru masu yawa, ya ba Habsa ladan maganarta. Mu kuma da muka rage a gari muna kallon sama, kowa ya duba hannunsa. Wanda yake da iri, ya sa shi a ƙasa.